Daminar da Motar Kabo Ta Yi a Tsaye

Malam Kabo direba ya rasu ana gab da saukar damina, shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jihar Katsina. Ba hatsari ya yi ba, ko da yake kowa a Daura ya ɗauka a kan hanya ajalinsa yake. Ya dawo daga Zango da la'asar, ya ajiye motarsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya buɗe gabanta ya ciro murfin da ke rufe bakin kafireto, ya shigo da shi a hannu. Ya ce wa matarsa Zaituna ta ajiye masa, gobe da safe zai wanke shi da kalanzir ya mayar. Daga nan ya ce kansa na sarawa, ya kwanta a tabarma. Bai ƙara fita da ƙafarsa ba.

Motar tsohuwar Fijo ce mai dogon baya, shuɗiya, ta girmi 'yarsu Haulatu wadda aka aurar a Babban Mutum. Da ita Kabo ya ci da gidansa, yana jigilar fasinja daga Daura zuwa Zango da Ɓaure, ran kasuwa kuma ya leƙa Mashi. A hannu ya saye ta, ta riga ta ga duniya, amma ya lallaɓa ta har ta kai shi ƙarshen ransa. Shi ya sa duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana son tsohuwar mota, sai ya zo zauren Kabo neman shawara.

Zaituna ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Amma wurin da take matsar man gyaɗarta jikin bangon zauren yake, shekara da shekaru tana jin abin da yake faɗa musu har ta haddace. Yakan ce kada mutum ya yarda a nuna masa mota da rana, ya je da sassafe tun ba a tashe ta ba, ya ɗora hannu a inji ya ji shi da sanyi, don mai sayarwa yakan ɗumama ta kafin ka iso. In ka tarar an wanke ta tas, ka tambayi kanka me ake gogewa. Ka bar fenti, ka ɗaga tabarmar ƙafa ka danna ƙarfen da ke ƙasa. Ka zaro ƙarfen gwada baƙin mai ka ga launinsa. Kuma kada ka juye duk abin da ka mallaka a hannun mai mota, ka rage na gyara, don babu tsohuwar motar da ke zuwa gida ba ta roƙi wani abu ba. Abin da ya fi nanatawa shi ne motar da ta daɗe a ajiye. Ya ce gara wadda ake wahalarwa kullum a hanyar Ɓaure da wadda ta yi watanni a inuwa ba a taɓa ta ba.

Ranar sadakar uku, ƙanin Kabo mai suna Maharazu ya karɓi makullin motar. Da can shi ne mai tsokanar Zaituna, ya shigo yana kiranta amarya ko da furfura ta fara fito mata, ya buɗe mata tukunya ya ce miyar ba gishiri. Tun da aka yi rasuwar ya daina. Ya tsaya daga bakin ƙofa kansa a ƙasa, ya ce mata mota ta zama dukiyar magada, ba mai taɓa ta sai an yi rabo. Rabo kuma sai babban wansu ya dawo daga fatauci a can cikin Nijar. Lokacin ko'ina wa'azin gado ake yi, a masallaci da rediyo, ana faɗin azabar wanda ya ci ko da allura ce daga ciki. Maharazu mutum ne mai tsoron Allah. Ya kulle motar ya kai wa liman makullin, don kada ma zuciyarsa ta raya masa wani abu.

Zaituna ta shiga takaba. Ba ta leƙa ko zaure. Haulatu ta zauna da ita har aka yi sadakar arba'in, sannan mijinta ya aiko ta koma. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta raguwa, har ya zama sai Shatu maƙwabciyarta ce kaɗai ke shigowa, ita ma in ta gama aikin gidanta.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Zaituna ta ɗauko murfin nan daga ƙarƙashin gado ta ba Shatu, ta ce ta kai wa Maharazu ya mayar da shi inda yake, don gaban motar ba ya rufuwa daidai, ruwa zai bi ya sauka cikin inji. Ta ce kuma akwai tamfol a bayan motar, a ciro a lulluɓe ta, gilashin gaba yana yoyo ta gefen direba. In da hali a riƙa tashinta lokaci-lokaci ko da ba za a je ko'ina ba. Shatu ta dawo da murfin a hannunta. Maharazu ya ce a ba ta haƙuri. In ya buɗe motar ya tashe ta wani abu ya lalace a hannunsa, me zai ce wa sauran magada, me zai ce wa Allah? Man da ke cikin tankin ma na gado ne. Ta sake aikawa, amsar ba ta canza ba. Ta mayar da murfin ƙarƙashin gado.

Aka yi damina mai ƙarfi a shekarar. In ruwa ya sauko da rana, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, tana iya bambance ƙararsa a kan kwanon gida da ƙararsa a kan rufin motar. Ta san inda kowane ɗigo yake bi. Ba ta iya yin komai sai ta ja carbinta.

La'asar ce ta fi yi mata wuya. A da, tun motar na kwanar masallacin unguwa take gane ta da ƙarar salansa, sai ta tashi ta zuba ruwan wanka a bokiti. Yanzu ma in wata Fijo ta wuce sai ta ji ƙafarta ta motsa, sannan ta tuna. Wata rana har ta kai bokitin bayan gida kafin ta ankara. Ta tsaya tana kallonsa, daga baya ta juye wa tumakinta.

A cikin wannan zaman ta yanke shawara. In an zo rabo, za ta ce a ƙiyasta motar a bar mata ita. Za ta sa nata rabon, ta sayar da tumakinta biyu ta cika wa sauran magada haƙƙinsu. Akwai wani direba Hussaini, mutumin kirki da ba shi da motar kansa, za ta ba shi ya riƙa ja yana kawo mata abin da ya samu. Haka ta faɗa wa Shatu, Shatu ta ce dabara ce mai kyau, mace ba miji ba ɗa namiji tana bukatar abin da zai riƙa shigo mata. Abin da ba ta faɗa ba shi ne sharaɗin da za ta kafa wa Hussaini: kowace la'asar ya dawo da motar ta kwanar masallaci, ya ajiye ta a gindin darbejiya. Ban da rabon nan da tumakin nan, ba ta da komai sai tukunyar suyar gyaɗa.

Ta fita takaba gero ya fara nuna. Babban wan ya iso daga Nijar, aka sa ranar rabo. Maharazu ya zo ya ce mata zai sa a wanke motar a tura ta ta tashi tun jajibere, don masu ƙiyasi su same ta da kyan gani. Zaituna ta ce a'a. Ta ce ita ce mai saye, kuma tana so ta gan ta da safe yadda take, ba a wanke ba, ba a tashe ta ba. A kira mata Benson.

Benson mai sayar da kayan gyaran mota ne a bakin tasha, mutumin kudu, ya fi shekara ashirin a Daura, kafin ya buɗe shago bakanike ne. Shi da Kabo ba sa haɗuwa ba su yi faɗa ba. Kabo ya ce kayansa jabu ne, shi kuma ya ce motar Kabo kakarsa ce, ya kamata a kai ta aikin hajji ta huta. Ranar jana'iza Benson ya rufe shagonsa, ya zo ya tsaya daga nesa har aka watse.

Ya iso tun hantsi bai yi ba, da jakar sifanu a hannu. Maharazu ya karɓo makulli daga wurin liman. Zaituna ta zura hijabinta ta fito ƙofar gida, karo na farko tun rasuwar.

Ciyawa ta fito ta kewaye tayoyin, biyu sun kwanta. 'Ya'yan darbejiya da kashin tsuntsu sun rufe rufin. Benson ya gaishe ta, ya yi mata gaisuwar rashi, sannan ya dafa motar.

"Kaka, kin tsufa," in ji shi. "Maman Haulatu, da kin bari mun ɗan share ta."

"Ka bar ta haka, Oga Benson. Haka zai ce a bar ta."

Ya gane Kabo take nufi.

Da aka buɗe ƙofar direba sai warin ruma ya bugo su. Carbin Kabo na nan rataye a madubi, hularsa ta aiki na kan kujera ta yi fumfuna. Zaituna ta ɗauke su ta sa cikin hijabi. Ta sunkuya ta ɗaga tabarmar roba ta wajen ƙafar direba. Ruwa ya kwanta a wurin ya bushe, ya sake kwanciya, ƙarfen da ya riga ya tsufa ya koma ja. Ta sa babban yatsa ta danna. Ya rufta kamar busasshen ganye, ta hango ciyawa ta cikin ramin.

Ta ce a buɗe gaba. Ɓeraye sun yi sheƙa a gefen batir, sun cinye wayoyi. Bakin kafireto na nan a buɗe yadda Kabo ya bar shi, tsatsa ta zagaye shi. Ta ɗora tafin hannunta a kan injin kamar yadda ta sha jin yana faɗa. Da sanyi yake, sanyin da ya ratsa ta har kafaɗa. Ta ce wa Benson ya zaro ƙarfen gwada mai. Ya zaro ya nuna mata. Man ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa.

Benson ya ɗauko babban sifana ya kafa a gaban injin, ya danna da ƙarfinsa. Bai motsa ba. Ya cire rigarsa ta sama, ya ce Maharazu ya kama masa, suka danna tare har jijiyoyin wuyansu suka fito. Injin bai ko girgiza ba. Benson ya goge hannunsa a wando, ya daɗe yana goge shi.

Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ruwa ya cika injin ya kama, sai dai a nemo wani daga Kano. Ƙasan motar sai an yanke an yi waldar sabon ƙarfe, wayoyi sai an sake su gaba ɗaya, ga tayoyi, ga batir. In ta haɗa kuɗin saye da na gyara, rabonta da tumakinta ba za su kai rabi ba, kuma ko an gama ba zai rantse mata cewa motar za ta kai Zango ta dawo ba. Ya ce in don ta samu abin shiga ne, ta riƙe kuɗinta, in Allah ya kawo wata Fijo da ke kan hanya yanzu haka, shi zai duba mata kyauta. Wannan kuwa, abin da ya rage mata shi ne a kwance ta a sayar da kayanta ɗaya-ɗaya. Ƙofofi da gilasai da akwatin giya duk suna da masu so.

Maharazu ya zauna a kan tushen darbejiya ya dafe kai. Ya ce shi ya kashe ta, an aiko masa ya ƙi ji. Zaituna ta ce masa ya daina, tsoron Allah ya sa shi, kuma wanda ya tafi bai bar wasiyya a kan murfi ba. Sai ya ɗago ya ce ya yafe nasa rabon na motar, zai kuma roƙi babban wansu, Haulatu ma ba za ta ƙi ba. A bar mata ita kyauta, ta zauna a nan inda take, ko ba ta tashi ba.

Abin da Zaituna ta kwana tana roƙo ke nan wata da watanni, ga shi an miƙo mata ba ko kwabo. Kowace safiya in ta leƙo za ta gan ta. Ta dubi motar tun daga gaba har baya.

Sai ta tuna wata rana da Kabo ya kai ta biki Mashi. Sun wuce wani gida da aka bar mota ta mutu a ƙofarsa, ba taya, ba gilashi, awaki na hawa rufinta, kaji na ƙwai a kujera. Kabo ya rage gudu yana kallo, ya yi tsaki, ya ce wannan wulaƙanci ne, motar da ta yi wa mutum bauta ba a yi mata haka. Ransa a ɓace har suka isa.

"Oga Benson," in ji ta, "da wani ne ya kawo masa wannan motar zaure ya ce zai saya, me zai ce masa?"

Benson ya sosa ƙeya. "Kin fi ni sani, Maman Haulatu. Ni zagina kawai yake yi."

"Zai ce masa ya tashi ya tafi gida."

"Zai ce. Har ya ƙara da cewa uban wa ya aike shi."

Ta ɗan yi murmushi. Ta juya wajen Maharazu ta ce ta gode, amma kowa ya riƙe haƙƙinsa. A sayar wa Benson a kan abin da masu ƙiyasi suka yanke, a zuba kuɗin cikin gado. Abu ɗaya ta roƙa, a ɗauke ta yau, kuma a bari sai ta shiga ciki. Ta shiga ta ɗauko murfin daga ƙarƙashin gado, ta ba Shatu ta miƙa wa Benson, ta ce wannan ma na motar ne.

Tana tsakar gida ta ji an kawo wata mota an ɗaura igiya. Ta ji ƙarar tayoyin da suka kwanta suna jan ƙasa, ta ji an sha kwanar masallaci. Bayan nan sai kukan tumakinta. Da yamma ta leƙa. Wurin da motar ta tsaya ya fita daban, ƙasa fara mai tsawon mota a tsakiyar ciyawa, da ɗigon baƙin mai a gefe guda. Kafin a gama girbi ciyawar ta bushe, wurin ya zama ɗaya da ko'ina.

Ba ta sayar da tumakin ba. Da rabonta ta sayi gyaɗa a kaka tana da araha, ta koma suya da matsa. In la'asar ta yi takan sa kanta aiki mai ƙara, daka ko wanke-wanke, don kada ta ji motocin da ke wucewa.

Bayan ƙaramar salla aka aiko cewa Haulatu ta sauka. Zaituna ta ɗaure kayan barka, ta je tasha ta nemi motar Babban Mutum. Wata farar Fijo ce ke lodi, an ware wa mata kujerun baya kamar yadda aka koma yi a lokacin. Ta zagayo za ta shiga sai ta tsaya. Motar fara ce, amma ƙofar baya ta hannun dama shuɗiya ce. A ƙasan mariƙinta akwai 'yar lotsawa, inda wani sa ya taɓa tunkurarta a kasuwar Mashi.

Wata mata a bayanta ta ce, "Baiwar Allah, ki shiga mana, ko jiran mijinki kike?"

Ta shiga ta zauna a jikin ƙofar. Da aka cika, direban ya zo ya buga ƙofar, ta dawo. Ya sake bugawa da ƙarfi, ta sake dawowa. Ya fara faɗa yana cewa Benson ya cuce shi, ya sayar masa da ƙofa mai taurin kai, tun da aka ɗaura ta sai ya yi kokawa da ita kowace tafiya. Maza a gaba suna dariya, wani ya ce a ɗaure ta da igiya a wuce, rana na yi.

Zaituna ta san ƙofar nan. Ba ta son duka. Ta sa hannu a mariƙin ciki, ta ɗan ɗaga ta sama, ta jawo a hankali. Ta rufu, ƙit.

Direban ya leƙo ta taga. "Inna, yaya kika yi?"

"Ɗaga ta ake yi kaɗan," in ji ta.

Ya buɗe ya gwada, ta rufu. Ya yi mata godiya, ya zagaya ya tashi motar. Ba wanda ya tambaye ta inda ta sani. Matan da ke gefenta suka shiga hirar tsadar atamfa, wata na ba ɗanta nono.

Suka fita Daura suka kama hanyar Zango. Gonaki sun zama kara, shanu na kiwo a ciki. A kowane rami ƙofar takan yi 'yar ƙara daga can ƙasa, ƙarar da Zaituna ta sani tun Haulatu na goye. Ba ta ɗauke hannunta daga mariƙin ba. A Zango aka sauke mutane aka ɗauki wasu, ba ta matsa ba, ta ce su zagaya ta ɗaya gefen.

Da suka isa Babban Mutum kowa ya sauka, ita ce ta ƙarshe. Ta fito da ƙullin kayanta, ta ɗaga ƙofar kaɗan ta rufe ta da kanta. Direban na ta kiran fasinjan Daura. Ta tsaya a inuwar wata rumfa har motar ta cika ta juya, tana hango shuɗin nan a jikin farin har ya shige kwana. Sannan ta ɗora kayanta a ka, ta nufi gidan 'yarta.